Akwatin da Na Yanka wa Mai Rai

Ku da kuke tsayawa a bakin shagona ran Asabar in kun tashi koyon waƙa a coci, kuna cewa, "Baba Ishaku, ka koya mana aikin akwatin gawa, ai filanki shida ne da ƙusa," ku nake yi wa wannan rubutu, tunda in na buɗe baki ba kwa bari in kai aya. Filanki shida! Wanda ya fara faɗin haka a cikinku na miƙa masa zarto ya raba mini katako gida biyu, ya dawo mini da abin da ko ƙofar kejin kaji ba zai yi ba. Amma har gobe shi ne mai baki, shi ne mai cewa aikin ba wuya.

Ni a hannun Malam Bukar na koyi kafinta, wani Babarbare mutumin wajen Gashuwa da ke da shago kusa da kasuwar Azare. Shekara biyu na yi ban yanka komai ba. Aikina wasa zarto, miƙe tsoffin ƙusoshi da guduma, da juya katako a inuwa don ya bushe. Shi ya koya mini a ƙwanƙwasa filanki da bayan yatsa a saurara, a kuma shinshina shi, domin katakon da ke da sauran ruwa a ciki ba ya ɓoye wa kunne da hanci. Ƙofa da taga da gado muke yi. Akwatin gawa kuwa bai taɓa shiga shagon ba sai ranar da wani ɗan sanda Kirista ya rasu, abokan aikinsa suka zagaye gari ba su sami mai yi ba, suka faɗo wurinmu.

Malam Bukar ya dube ni ya ce, "Isiyaku," haka yake kirana, "mu makara muka sani da likkafani. Waɗannan mutanenka ne, kai za ka yi musu. Amma in ka kunyata mini shago, kai ma sai an nemo maka naka." Ya tsaya a kaina har na gama, sau biyu yana sa ni in kwance ƙasan in sake. Daga ranar na zama mai akwatin Kiristocin Azare da kewaye, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don babu wani.

Abin da ba ku sani ba shi ne akwatinmu na nan matafiyi ne. Yawancinmu a garin nan aiki ko kasuwa ya kawo mu, in mutum ya mutu gida ake kai shi. Ke nan akwatin zai hau kan mota, a ɗaure shi da igiya, ya sha rana da ramukan hanya yini guda, sannan a zura shi a kabari ba tare da ƙasansa ya buɗe ba. Ga zafi, gawa ba ta jiran kafinta, in an zo maka da hantsi ana so a tashi kafin azahar. Ga maƙwabta, da ba su saba ganin irin wannan kaya ba, dole a bayan shago ake aikin, a fito da shi a lulluɓe. Duk wannan ba a cikin filanki shidanku yake ba.

Akwai wani aiki da na yi wa wani malamin makaranta da ya rasu a garin Katagum. A lokacin, masu mamaci karan dawa suke yankowa daidai tsawonsa su kawo wa kafinta. Abokan aikinsa biyu suka zo a kan mashin da karansu, ashe a hanya kan karan ya karye ya faɗi, suka ji kunyar faɗa, suka miƙo mini ragowar kamar ba abin da ya faru. Na yi aiki na bi akwatin har Katagum a bayan a-kori-kura. Aka ɗauko mutum, akwati ya gaza da taƙi guda. A tsakar gida, a gaban matarsa, na ɓalle filankin wajen ƙafa na yi ƙari, tana zaune tana kallon kowace ƙusa da nake bugawa. Tun daga ranar na daina yarda da kara. Na ce ko dai in je in auna da tef ɗina, ko kuwa in riga na san tsawon mutum tun yana tafiya da ƙafarsa.

A nan ciwon sana'ar ya kama ni. Na koya wa idona awo, ido kuwa ya ƙi tsayawa. In mutum ya shigo gaishe ni, kafin ya zauna na san ƙafa nawa ne da inci nawa, na san faɗin kafaɗarsa. A coci ma haka, ana waƙa ina auna mawaƙa. Ku ma da kuke karanta wannan duk na auna ku, kar wani ya yi mini fuska. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. A ganina a lokacin, zunubi shi ne abin da hannu ya taɓa ko baki ya furta, abin da ke yawo a cikin kai kuwa nawa ne, ba ruwan kowa.

Muguwar shekarata ta zo ne a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Azare. Damina ta yi ƙarfi, kogin Jama'are ya cika ya tumbatsa, motocin katako suka yi ta makara, wanda ya iso kuma jiƙe yake sharkaf. A daidai lokacin ne ikkilisiyarmu ta ba ni aikin sababbin bencina, ana so kafin bikin godiyar kaka. Na ƙwanƙwasa katakon, na shinshina, kunnena da hancina duk suka ce mini a'a. Na yi kunnen uwar shegu na yanka. Ranar biki bencina suka yi kyau, har aka tafa mini. Da rani ya shigo sai suka fara murɗewa, wani ya yi doro, wani ya ɗaga ƙafa ɗaya, ƙusoshi suka leƙo, har ɗaya ta yaga wa shugabar zumuntar mata sabon zane.

Dattijo Markus shi ne magatakardan dattawan ikkilisiya, tsohon ma'aikacin asibiti, dogo, mai murya kamar ana buga ganga. Ran Lahadi ya tashi karanta sanarwa, ya ce dattawa sun duba sun ga aikin ha'inci ne, ya kira sunana da na mahaifina, ya ce a mayar mini da kayana. Washegari aka loda bencina a amalanke aka bi da su ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka aka jibge mini. Masu kawo aikin ƙofa suka ɗauke ƙafa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin bai yi ƙarya ba. Da ƙarya ya yi da na sami abin faɗa.

Sai na shiga auna shi. Kujerar dattawa a gaba take, suna fuskantar jama'a, don haka duk Lahadi yana gabana. Ƙafa shida da inci ɗaya, kafaɗa inci ashirin da biyu. Fasto yana wa'azi a kan alherin Allah, ni ina ƙara inci biyu saboda takalmi. Wata biyar ina wannan aiki a cikin kai, har na san inda kowace ƙusa za ta shiga. Wata Talata da ba ni da aikin fari balle na baƙi, na zagaya bayan shago, na jawo murɗaɗɗun bencinan nan, na kwance su, na yanka filanki shida daidai shi. Ina yi ina cewa a raina, tunda ka raina aikina, a cikinsa za ka kwanta. Ban haɗa su ba, na jingina su a bango na rufa da buhu. Hannuna bai yi wani sabon abu ba a ranar, abin da kai ya daɗe da gamawa ya kwafa.

Ba a yi wata uku ba ƙafafun Dattijo suka kumbura, aka fara kai shi asibiti ana dawowa da shi. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na kasa ƙona filankin, na kasa yin wani aiki da su, na kasa ko ɗaga buhun. In an zo Jibin Ubangiji a coci, ana zagayawa da gurasa da ƙoƙo, sai in sunkuyar da kai in bar ƙoƙon ya wuce. Kullum da safe ina roƙon gafara, kullum kafin in kai shago wani tunani ya ce mini, mai kisan kai ma yana da bakin roƙo? Sai na koma yi wa Allah aikin gayya. Na gyara ƙofofin coci ba wanda ya sa ni, na sake wa bagadi ƙafa, na yi wa ɗakin Fasto taga. Fasto yana ta sa mini albarka, ni kuwa ko sau ɗaya ban ji nauyin ya ragu ba.

Wata safiya sai ga mashin biyu sun tsaya a ƙofar shago. Dattijo Markus ne a bayan ɗaya, matarsa Mama Saratu a bayan ɗayan. Da ƙyar aka sauko da shi, na jawo masa kujera.

Ya ce, "Kafinta, ni ma'aikacin asibiti ne, ba a yi mini ɓoye-ɓoye. Ƙodata ta gama aiki. Ba na so ranar da na cika a bar baiwar Allahn nan tana gudu tsakanin gawa da shagonka. Ɗauko tef ɗinka ka auna ni."

Ban ɗauko tef ɗin ba. Ya ce, "Ko har yanzu fushin benci ne?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ba sai na auna ba. Na riga na yanka."

Mama Saratu ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Shi kuwa ya ce a kama shi a kai shi ya gani. Muka zagaya baya, na yaye buhun, na faɗa masa komai, tun daga Lahadin farko har inci biyun takalmi. Ya daɗe yana duban filankin, ya shafa ɗaya, ya ce, "Af, ai bencinmu ne." Sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ga ni a durƙushe ina hawaye, mutum yana dariya.

Na ce, "Baba, ni na jawo maka ciwon nan."

Ya ce, "Kai Ishaku, kana ɗaukar kanka da girma. Shekara goma sha biyar ina fama da hawan jini, sai fensirinka ne zai kashe ni? Laifinka dai laifi ne, ka ƙi ni a zuciya, ka yi ta kiwon abin har ya yi ƙiba. Wannan kam ka yi. Ni ma da shagonka ya kamata in zo, ba in kira sunan mahaifinka a gaban jama'a ba. Ka yafe mini. Ni na yafe maka. Tashi, ƙasa da datti."

Na tashi da murnata na ce to, yau ɗin nan zan ƙona waɗannan, ina da maɗaci busasshe da na ɓoye shekara huɗu, zan yi masa akwatin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Katagum, da hannaye na ƙarfe da farin yadi a ciki.

Ya ce, "A'a. A wannan zan tafi."

Na ce, "Baba, wannan ba zai kai Ningi ba ma, balle garinku, zai buɗe!"

Ya ce, "Sai ka san yadda za ka yi kar ya buɗe, ai kai ne kafinta. Na gane ka sarai. So kake ka biya ni da maɗaci, yadda kake ta biyan Allah da ƙofa da taga, kana tsammani dattawa ba su lura ƙoƙo yana wuce ka ba. Gafara ba kwangila ba ce. Almasihu ya riga ya gama wannan aiki, ba ya neman kafinta ya ƙarasa masa. In na karɓi maɗacinka, har ka mutu za ka ce shi ya wanke ka."

Ya karɓi fensir daga bayan kunnena, ya rubuta sunansa a cikin kowane filanki, guda shida, ya ce wa Mama Saratu in ranar ta zo ta ƙirga da idonta. Na roƙa a bar ni in ƙara maɗaurai a ƙasa, ya ce ƙari ya yarda, canji ne bai yarda ba. Na ce to fenti fa, ko a rufe ramukan tsoffin ƙusoshi? Ya ce, "Fenti don wa? Don mutanen ƙauyenmu su ce kafinta ya iya?" Ban taɓa ganin taurin kai irin na mutumin nan ba, kuma ban taɓa jin haushin wanda ya yafe mini ba sai a ranar.

Yanzu ku masu filanki shida, ku saurara ku ji yadda ake miƙe katakon da ya murɗe. Sai ka jiƙa gefen da ya lotsa, ka kwantar da shi a kan daɓe, ka ɗora masa bulo, ka bar rana ta yi aikinta, kana dubawa safe da yamma don in ka wuce lokaci sai ya juya ta ɗaya gefen. Wanda ya ƙi, ka yi masa 'yan tsagi da zarto ta ciki, rabin kauri, don ya saki. Ramukan ƙusa ka cike su da gam da dusar katako. Ba a buga sabuwar ƙusa kusa da tsohon rami, katakon zai tsage. Na sa maɗaurai huɗu a ƙasa, na ratsa hannayen igiya ta cikinsu don nauyi ya sauka a kansu ba a kan filankin ba. Akwatin da na saba gamawa kafin azahar, wannan sati uku ya ci mini. Na loda masa buhun yashi biyu na sa aka ɗaga aka girgiza, ya yi ƙara amma ya riƙe. Muninsa kuwa ba a magana, launi uku ne, da tabon gam ko'ina.

A cikin satin nan uku tunanin bai daina zuwa ba, kar wani ya ce muku yana dainawa rana ɗaya. Ina buga ƙusa zai ce mini, dubi abin da ka yi. Da can sai in zauna in ba shi kujera mu yi ta hira. Yanzu sai in ce masa, na sani, mai abin ma ya sani, Allah ya riga mu duka sani, an kuma yafe, matsa in yi aiki. Wata rana sau goma, wata rana sau biyu. Idona har yau yana auna mutane, wannan ba zai bari ba, sai dai in ya auna mutum nakan bi shi da addu'ar Allah ya ja kwanansa. Lahadin da ta biyo baya Dattijo ya sa aka kawo shi coci a kan kujera, ya zura mini ido har sai da ya ga na miƙa hannu na karɓi ƙoƙon.

Ya ƙara wata huɗu. Kusan kullum nakan biya ta gidansa in na rufe shago, yana kwance yana yi mini faɗa a kan yadda nake wasa da cin abinci. Ya rasu da bazara, ana tsakiyar zafi. Mama Saratu ta leƙa cikin akwatin ta ƙirga sunaye shida kafin ta bari a sa shi. Ni na ɗaure shi a kan mota da hannuna, na shiga na zauna daidai ƙarƙashinsa. Garinsu can kudancin jiha ne, cikin duwatsu. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji a haƙorana, sau uku ina sa direba ya tsaya in hau in duba, har ya ce in na ƙara zai bar ni a daji.

Muka isa da la'asar, gari ya cika, ga mawaƙa, ga zumuntar mata cikin anko. Aka sauke akwatin aka yaye mayafin da na lulluɓa masa, sai waƙar ta yi ƙasa. Ƙanen marigayin, wani tsohon soja, ya ratso jama'a, ya zagaya akwatin, ya taɓa tabon gam, ya juyo idonsa jawur.

Ya ce, "A cikin wannan kuka kawo mini yayana? Mutumin da ya yi wa coci bauta shekara da shekaru? Wane maƙiyinsa ne ya yi wannan?"

Tambayar tana da amsa, kuma ni ke da ita. Na tako gaba, na buɗe baki zan ce ni ne.

Mama Saratu ta riga ni. Ta ce, "Abokinsa ne ya yi, shi kuma da kansa ya zaɓa. Rana tana faɗuwa, ku kama igiya."

A garinsu dangi na jini ne kaɗai ke zura mamaci a kabari. Ta sunkuya ta ɗauki igiyar wajen kai, ta wuce ƙanen mijinta, ta wuce 'ya'yanta maza biyu, ta sa mini a hannu.